Sharhi Daga Landan: Kwamfuta Mai Lafiya Ba Ta Cancanci Juji Ba

Sharhinmu na yau daga birnin Landan yake zuwa muku, kuma zai tsaya ne a kan manhajojin da ke cikin kwamfutocinmu: wa ya mallake su, wa ke da ikon cewa sun tsufa, kuma me ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi idan aka ce masa lokacin kwamfutarsa ya wuce.

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a duniya tun daga 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa, za ta yi rubutu, za ta shiga intanet kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke turowa kyauta. Duk ɓarakar da aka gano daga wannan rana haka za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya tanada bisa wasu sharuɗɗa, shi ma na ɗan lokaci ne. Shawarar kamfanin ita ce a koma Windows 11. To amma Windows 11 tana da nata sharuɗɗan: sai kwamfuta tana da wani ɗan ƙaramin sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma sai ƙwaƙwalwarta tana cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Miliyoyin kwamfutoci ke nan, allonsu garau, madannansu lafiya lau, aka wayi gari an ce musu su ja gefe.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Fagge ko na Maraɗi da abin da ya dami ofisoshin Landan? Da ruwansa kuwa. Kwamfutocin da bankuna da makarantu da kamfanonin ƙasashen Turai ke sallama, da yawansu kwantena suke shiga su nufi tashoshin ruwan Legas da Kwatano da Lome. Daga can su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Titin Beirut da Farm Centre a Kano, inda 'yan kasuwa ke tallata su da sunan kayan Landan. Su ne ɗalibanmu ke rubuta kundin kammala karatu da su. Su ne ke kan teburin masu buga takardu a bakin sakatariya da bakin kotu. Idan ba mu san abin da ake ciki ba, za mu riƙa biyan kuɗinmu muna sayen na'urorin da ba mai tsaron ƙofarsu.

Mutanen Birtaniya sun ɗanɗana kuɗar irin wannan sakaci. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle bayanan da ke cikin kwamfuta tana neman kuɗin fansa. Ta afka wa hukumar lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin Ingila, har da rukunin Barts da ke nan Landan. An soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, an karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitocin. Abin takaicin shi ne, maganin wannan ɓaraka ya fito tun watan Maris na shekarar, ba a dai sanya shi a kwamfutocin ba ne. To idan wannan ya faru a lokacin da maganin ke nan, yaya ke nan idan an daina yin maganin ɗungurungum?

Hanyoyi biyu mutane suka fi sani. Mai hali ya sayi sabuwa, ya tura tsohuwar juji. Marar hali ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar, ko ya kai wa mai gyara ya cusa masa manhajar da aka fasa makullinta. Dukansu biyun suna da illa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Birtaniya na sahun gaba a wannan zubarwa idan aka raba da yawan jama'a. Wanda ya san yadda yara suka riƙa ƙona wayoyi a Agbogbloshie ta birnin Accra don ciro jan ƙarfe, cikinsu har da 'ya'yan mutanen arewa masu neman na abinci, ya san a huhun wa wannan shara ke ƙarewa.

Akwai hanya ta uku, ita ce maƙasudin wannan sharhi: manhajoji masu 'yanci, waɗanda aka bar rubutun da aka gina su da shi a buɗe ga kowa.

Tarihin ya faro ne a 1983, lokacin da wani masanin kwamfuta a cibiyar MIT ta Amurka, Richard Stallman, ya shelanta cewa zai gina cikakken tsarin manhaja da ba wanda zai kulle shi. Ya sa masa suna GNU. Ya kuma gindaya 'yanci huɗu da ya ce dole mai amfani ya samu: ya yi amfani da manhajar don duk abin da ya ga dama, ya duba yadda aka gina ta ya kuma sauya ta, ya kwafa ya ba wani, ya kuma raba wa jama'a gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta ginshiƙin da ya rage, wanda aka sani da Linux. Aka haɗa biyun, aka sami babbar manhaja cikakkiya wadda ke iya tafiyar da kwamfuta daga kunnawa har kashewa.

Masu sauraro, kada sunayen nan su sa ku ɗauka abin na ƙwararru ne kawai. Wayar Android da ke hannunku a kan Linux aka gina ta. Tun daga ƙarshen 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux ke tafiyar da su. Wikipedia, har da ta Hausa da matasanmu ke ta faɗaɗawa, a kan buɗaɗɗiyar manhaja take. Tsarin DHIS2 da ma'aikatan lafiya a Najeriya ke shigar da alƙaluman rigakafi da haihuwa a ciki, wanda Jami'ar Oslo ke jagoranta, shi ma buɗaɗɗe ne. Kuma duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Kannywood a kwamfuta da manhajar VLC, mai alamar robar nan mai ruwan lemo da ake jerawa a kan titi, to ya riga ya ci moriyar abin da muke magana a kai. Ɗalibai ne a wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka fara ta, suka sake ta ga duniya a 2001, kuma har yau kyauta ake samunta.

Birnin Landan na da babban rabo a wannan tarihi. A nan aka haifi Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN, kuma a watan Afrilun 1993 cibiyar ta sakar wa duniya wannan fasaha ba tare da neman ko kwabo ba. Da a ce an sa mata kuɗin haya, da wuya ta bazu har ta iso ƙauyukanmu. A nan ne kuma, a 2004, Steve Coast ya fara OpenStreetMap, taswirar duniya da 'yan sa-kai ke zanawa, wadda kowa ke iya saka titin unguwarsa da masallacinta da asibitinta. A wannan shekarar ce dai Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudun nan da ya yi arziki da harkar tsaron intanet har ya je sararin samaniya a 2002, ya kafa kamfanin Canonical mai hedikwata a Landan. A watan Oktoban 2004 suka fitar da Ubuntu, nau'in Linux da aka tsara domin mutumin da bai karanci kwamfuta ba ya iya sanyawa ya yi aiki. Shekaru da dama suna aika faifanta kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, a kowace ƙasa yake.

Ita ma gwamnatin Birtaniya ta taka rawa. Shafin GOV.UK da aka buɗe a 2012, inda baƙo ke neman biza, mazauni ke biyan haraji ko sabunta lasisin tuƙi, yawancin rubutun da aka gina shi da shi a fili yake, duk mai so zai iya dubawa. A watan Yulin 2014 kuma ministan ofishin majalisar zartarwa, Francis Maude, ya sanar cewa gwamnati ta zaɓi buɗaɗɗen tsarin adana takardu mai suna ODF don musayar takardun da ake aiki a kansu. Hujjar mai sauƙi ce: bai kamata a tilasta wa ɗan ƙasa sayen kayan wani kamfani ba kafin ya iya buɗe takardar gwamnatinsa. Gaskiya ne har yau yawancin ofisoshin gwamnatin kayan Microsoft suke amfani da su, amma ƙa'idar ta kafu, kuma ƙa'ida ce da ya kamata gwamnatocinmu su yi nazari a kanta.

Sai kuma aikin da ake yi a unguwanni, wanda shi ya fi kusa da rayuwarmu. Akwai wata ƙungiyar agaji a Landan mai suna The Restart Project, wadda Janet Gunter da Ugo Vallauri suka kafa fiye da shekara goma da suka wuce. Suna shirya taruka a ɗakunan karatu da zaurukan unguwa, mutum ya zo da rediyonsa ko tukunyar dafa shayi ko kwamfutarsa, ya zauna gefen ɗan sa-kai su buɗe tare, ya koyi gyaran da hannunsa. A 2022 sun haɗa hannu da wasu ƙungiyoyi suka buɗe shagon gyara na dindindin a Queen's Crescent da ke Camden. Da wa'adin Windows 10 ya ƙarato, sun shiga sahun masu kira ga Microsoft ya tsawaita tallafin kyauta, sun kuma tanadar wa ƙungiyoyin gyara jagora kan yadda za a ceci kwamfutocin jama'a, ciki har da sanya musu Linux.

To, me mutum zai iya yi da waɗannan manhajoji a aikinsa na yau da kullum? Mu ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Rubuta wasiƙa, takardar neman aiki, lissafin shago, jadawalin albashi, shafukan gabatar da lacca: duk LibreOffice na yi. Wata gidauniya da ke Jamus ke kula da ita tun da aka fara ta a 2010, kuma wani kamfani a Cambridge mai suna Collabora na cikin manyan masu gina ta. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana adanawa a tsarinsu, tana kuma mayar da takarda PDF da danna maɓalli guda. Shiga intanet, ga Firefox. Saƙonnin imel, ga Thunderbird. Gyaran hoto, ga GIMP. Zanen tambari da katin ɗaurin aure, ga Inkscape. Tsara mujalla ko littafi, ga Scribus. Haɗa bidiyo, ga Kdenlive da Shotcut. Mu kuwa ma'aikatan rediyo, da masu naɗar wa'azi da karatun malamai, da matasa masu shirye-shiryen sauti a intanet, ga Audacity, wadda ta fito tun 2000, tana yanke murya, tana rage hayaniya, tana haɗa sauti da sauti. Wani abin sauƙin shi ne, dukkan waɗannan suna aiki a kan Windows ma. Mutum na iya farawa da su yau ba tare da ya taɓa babbar manhajar kwamfutarsa ba.

Ku kwatanta da ɗaya ɓangaren. Manyan kamfanoni sun karkata daga sayarwa zuwa bayar da haya. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop da 'yan uwanta na biyan kuɗi wata-wata. Microsoft 365 ma shekara-shekara ake biya, kuma a 2025 an ƙara kuɗin a Birtaniya. Magidancin da ke tuƙa tasi ko gadin dare a Landan, yana biyan hayar gida da kuɗin wuta, yana kuma tura wa iyaye da ƙanne na cefane a gida, ya san darajar kowane fam. Wanda ke karɓar albashi da naira ko sefa kuwa, aka ce ya biya da dala, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wannan tsadar ce ta jefa mutanenmu da yawa cikin amfani da manhajojin da aka fasa. Abin ya zama ruwan dare har ba a ganinsa a matsayin laifi. Ina roƙon mu yi wa kanmu adalci a nan. Kayan da mai shi ya ce na sayarwa ne, ka ɗauka ba da yardarsa ba, haƙƙin wani ne, ko da mai kayan attajiri ne a wata nahiya. Bayan haka akwai haɗarin duniya: wanda ya iya fasa makullin manhaja ya raba ta kyauta, ya iya kuma dasa abin da zai riƙa leƙen lambobin sirrin bankinku. Manhaja mai 'yanci ta raba ku da duka biyun. Masu ita da kansu suka rubuta a lasisinta cewa ku kwafa, ku raba, ku sanya wa maƙwabci. Mai shagon gyara zai iya sanya ta a kwamfuta ɗari ya karɓi ladan aikinsa, zuciyarsa a natse.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi muhimmanci, wato 'yancin ganin abin da manhaja ke yi. Mutanen Birtaniya sun ga abin da rashinsa ke jawowa. Daga 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta sanya wa rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya gina. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a inda babu giɓi. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. An ɗaure wasu, wasu sun rasa gidajensu da mutuncinsu, wasu sun rasu kafin a wanke su. Da yawansu ƙananan 'yan kasuwa ne na unguwa, irin waɗanda kowa ya sani ya kuma amince da su. Duk sanda suka ce na'urar ce ke kuskure, sai a ce musu na'ura ba ta ƙarya, kuma ba su da hanyar leƙa cikinta su kare kansu. Sai da mutum 555 ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara babbar kotu a Landan, a 2019 alƙali ya tabbatar cewa manhajar na da kurakurai. A 2024 majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta soke hukunce-hukuncen. Buɗe rubutun manhaja shi kaɗai ba ya hana zalunci, domin mutane ne suka ɓoye gaskiya a wannan lamari. Amma ɓoyewar ta yi musu sauƙi ne saboda ba wanda ke waje da ke da ikon dubawa. Yau da ake mayar da albashi da fansho da jarrabawa da rajistar zaɓe cikin kwamfuta a ƙasashenmu, wajibi ne mu riƙa tambaya: wa ya duba manhajar, kuma wa aka yarda ya duba?

Yanzu ga inda abin ya shafi harshenmu kai tsaye. Duk marubucin Hausa ya san wahalar haruffa masu ƙugiya. Littattafai da jaridu da takardun makaranta nawa aka buga babu su, don kawai mai bugawa bai san inda zai same su ba? A cikin Linux akwai tsarin madannai na Hausa a shirye, shiga saituna kawai za ku yi ku zaɓa. Manhajar Keyman, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, tana ba da damar rubuta su a Windows da waya. Ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa kyauta irin su Charis da Andika masu ɗauke da dukkan haruffanmu. Ta kuma fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da Harmattan, domin masu rubutun ajami. Malamin da ke son buga waƙoƙin wa'azi ko littafin fiƙihu da ajami yanzu yana da kayan aiki. Gidauniyar Mozilla kuma na da shirin Common Voice, inda mutum ke karanta jimloli da muryarsa don a koya wa na'ura jin harshe, kuma Hausa na ciki, taskar kuma a buɗe take ga kowane mai bincike. Uwa uba, waɗannan manhajoji kowa na da izinin fassara su. Ba sai mun jira wani kamfani ya auna ko kasuwar Hausa ta kai ya kashe kuɗi a kanta ba.

Masu sauraro, duk wanda ya ce muku hanyar nan babu gargada bai faɗa muku gaskiya ba. Takardar Word mai tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan jirkice idan aka buɗe ta a LibreOffice. Wata firintar ko na'urar ɗaukar hoton takarda takan yi gardama. Wanda sana'arsa ta dogara kan CorelDRAW ko AutoCAD, ko wata manhajar da wurin aikinsa ko makarantarsa ta wajabta, dole ya bincika kafin ya yi ƙaura. Hannun da ya saba da wuri ɗaya shekara ashirin kuma sai an ba shi lokaci. Manyan hukumomi ma sun yi tuntuɓe. A 2004 ƙaramar hukumar Newham da ke gabashin Landan ta auna komawa Linux, daga ƙarshe ta zauna da Microsoft. Birnin Munich na Jamus ya mayar da dubban kwamfutocinsa Linux, a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Amma ga jandarmomin Faransa, da suka bi abin daki-daki, suka fara da manhajar ofis, sannan ta shiga intanet, sannan Ubuntu daga 2008, yau dubun dubatar kwamfutocinsu a kanta suke. Ga jihar Kerala ta Indiya da makarantun gwamnatinta suka daɗe a kan Linux. Ga jihar Schleswig-Holstein ta Jamus da a 2024 ta sanar da mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan Linux. Waɗanda suka yi nasara su ne waɗanda suka tafi sannu, suka horar da ma'aikata, suka kuma tanadi wanda za a kira idan an maƙale.

Ta fuskar tsaro ma, buɗaɗɗiyar manhaja ba ta fi ƙarfin kuskure ko makirci ba. A watan Maris na 2024 an gano cewa wani ya shafe shekaru yana nuna kansa a matsayin ɗan sa-kai, har ya sami amincewa ya dasa ƙofar sirri a wata ƙaramar manhaja mai suna xz da Linux ke dogaro da ita. Wani injiniya, Andres Freund, ya lura wani aiki na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi cikin rubutun, ya tona asirin kafin abin ya bazu. Darasi biyu ke nan. Na farko, buɗewar ce ta ba shi damar bincike. Na biyu, manhajar da duniya ke dogaro da ita a wuyan ɗan sa-kai guda take, wanda gajiya ta riga ta cim masa.

Wannan darasi na biyu shi ne nake so mu riƙe. Manhaja mai 'yanci aikin gayya ce. Mun san ƙa'idar gayya a karkara: yau a gonarka, gobe a gonar wani, kuma wanda kullum sai dai ya zo cin tuwo ba ya kawo fartanya, jama'a na ganinsa. Mun daɗe muna cin moriyar aikin mutanen Finland da Faransa da Jamus da Indiya. Lokaci ya yi da za a ga hannunmu. Kuma ba sai wanda ya iya rubuta manhaja ba. Malamin Hausa zai iya fassara. Ɗaliba za ta iya ba da muryarta. Mai babur da ya san lungunan Kurna ko Zangon Kumasi zai iya gyara taswira. Mai hali zai iya tura wa gidauniyoyin nan ɗan abin da ya sawwaƙa.

Ga wanda ke son gwadawa, matakan kaɗan ne. Da farko ku kwashe hotunanku da takardunku ku adana a wani wuri daban. Ku sauke LibreOffice da Firefox daga shafukansu na asali, ku yi aiki da su na wasu makonni a kan Windows ɗin da kuka saba. Idan hannu ya faɗa, ku nemi filash mai gigabait 8, a sanya masa Linux Mint ko Ubuntu. Ana iya kunna kwamfuta daga filash ɗin a gwada komai, sauti da intanet da firinta, ba tare da an goge ko fayil ɗaya ba. Linux Mint ta fi kama da abin da mai Windows ya saba gani. Idan kwamfutar ta tsufa sosai, akwai marasa nauyi irin su Lubuntu. Ubuntu da ta fito a Afrilun 2024 kuwa za ta ci gaba da samun gyaran tsaro kyauta har 2029.

Kirana na ƙarshe ga rukuni huɗu ne. 'Yan uwa mazauna Birtaniya, daga Peckham da Woolwich har Manchester, kafin ku aika wa ƙane ko ɗa kwamfuta gida, ku tabbatar da abin da ke cikinta. Idan ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ku sa a sanya mata Linux. Ƙungiyoyinmu da masallatanmu na nan kuma su ware rana guda ta gyara, matasan da suka karanci fannin su taimaka wa iyaye. Masu gyara a Kano da Kaduna da Sakkwato da Damagaram, ku koyi wannan aiki, domin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi suna nan tafe da yawa, kuma wanda ya iya raya su ba zai rasa ciniki ba. Jami'o'inmu, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai, ku haɗa sassan kimiyyar kwamfuta da sassan harsuna, ku sa fassara manhaja zuwa Hausa ta zama aikin da ɗalibi zai sami maki a kansa. Gwamnatoci da hukumomi irin su NITDA kuma, duk manhajar da aka gina da kuɗin jama'a a bar rubutunta a buɗe ga jama'a, kuma kada a wajabta wa ɗan ƙasa sayen kayan wani kamfani kafin ya cike takardar hukuma.

A nan muka kawo ƙarshen sharhin namu na yau. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a sana'o'inmu.